Runyu na Ashes of Love: shi aka zalunta ko shi ne azzalumin?

Ummu Haidar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya wajen ƙarfe biyu na gama Ashes of Love, fim ɗin Sin mai dogon zango, kashi 63 ɗin nan cif, har yanzu zuciyata ba ta dawo daidai ba. Na san na makara, tun 2018 ya fito, yawancinku kun kalla har kun manta. Amma don Allah a ba ni amsa. Wane laifi Runyu, babban ɗan sarkin sama, ya yi da za a bar shi shi kaɗai a kan karaga, ba uwa, ba uba, ba mata, sai wata 'yar barewa mai cin mafarki? Ƙaninsa Xufeng kuwa da aka haifa da komai a tafin hannunsa, shi ya tafi da yarinyar, wato Jinmi, har da ɗansu. Wannan adalci ne?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Kafin a fara, wanda bai gama kallo ba ya fita yanzu, don za a fasa ƙwai. Sannan ƙa'idar zaure tana nan: sarkin wuta, sarkin dare, sarkin ruwa muke cewa, ba ma kiransu da sunan da fassarar Turanci take ba su. Tatsuniyar Sinawa ce muke tattaunawa. Bismillah.

Sadiq Auta: Anti Ummu, barka da shigowa layin masu kuka. Wai wane laifi ya yi? Ki dai tambaya wane laifi ne bai yi ba. Ya yi wa ubansa juyin mulki ranar ɗaurin aurensa, ya mai da amaryarsa wuƙar da aka soke ƙaninsa da ita. Kyan fuskar Luo Yunxi da ya fito a matsayin Runyu ne ya rufe muku ido, da wani mai ƙaton hanci aka ba rawar nan da tuni kun tsine masa.

Ummu Haidar: Kai Auta, ka iya bakinka. Uban nasa fa? Taiwei sarkin sama mutum ne da za a tausaya wa? Ya so Zifen sarauniyar furanni, ya bar ta ya auri Tuyao, uwar Xufeng, don ƙarfin dangin tsuntsaye. Ya yaudari Suli ta tafkin Tai da sunan soyayya, alhali siyasa ce ta kai shi, ya bar ta da cikin Runyu. Juyin mulkin nan ni ban ga laifinsa ba ko ƙanƙani, ya ma makara.

Maman 'Yan Biyu: Ku tsaya in sa baki, don ni abin nan ba a allon waya na fara ganinsa ba. A babban gida na tashi, mu goma sha ɗaya wajen babanmu, kuma na san yadda ɗan bora yake tafiya a tsakar gida. Sanɗa yake yi. Ba ya dariya da ƙarfi, ba ya neman ƙari, in an yaba masa gabansa faɗuwa yake don ya san mowa ta ji. Runyu ke nan tun kashin farko. Ku duba aikin da aka ba shi: jera taurari da dare, lokacin da kowa ya yi barci. Gidansa ba kowa. Ƙaninsa kuwa shi ne jarumin yaƙi, runduna a hannunsa, 'yan mata suna layi. Ko kuskure Xufeng ya yi uwarsa za ta nemo hanyar ɗora wa Runyu.

Amma wurin da na ajiye wayar na yi kuka shi ne yarintarsa a ƙarƙashin ruwa. Uwar da ta haife shi ita take kama shi ta yanke masa ƙahonsa, ta ɓamɓare masa ɓawon jiki, don kada a gane ɗan sarkin sama ne a hallaka danginta. Su sake tsirowa, ta sake yankewa. Yaro ya tashi yana ganin siffarsa ta gaskiya, ta dodon da ake kira dragon, abin kunya ce. Daga nan Tuyao ta ɗauke shi ta ba shi maganin mantuwa. Ya girma, tunaninsa ya dawo, ya gano uwarsa tana raye a tafkin Dongting, kafin ma su gama sabawa Tuyao ta kashe ta a gaban idonsa yana durƙushe yana roƙo. Bai isa ba, aka ce ya zaɓa, ko a hallaka halittun Dongting dubu 30 ko ya karɓi azabar a madadinsu. Ya karɓa. Sadiq ɗana, in kai ne bayan wannan za ka ci gaba da cewa ranka ya daɗe?

Sadiq Auta: Hajiya, ni ban musa an cuce shi ba. Amma Jinmi ce ta yanke masa ƙaho?

Zulai: Tab. Auta yau ka yi magana.

Ummu Haidar: A'a, kada a juya zancen. Jinmi tasa ce ai. Tun shekara 4000 kafin nan aka ƙulla alkawari tsakanin Taiwei da sarkin ruwa Luolin, babban ɗan wannan zai auri babbar 'yar wancan. Runyu ya zauna yana jiran matar da ba a ma san an haifa ba. Da ta bayyana Jinmi 'yar Luolin ce, baiko ya tabbata a gaban kowa. Wa ya shiga neman aure cikin neman aure? Xufeng. Kuma bai tsaya a nan ba. Wansa yana cikin makokin uwarsa, uwar da uwar Xufeng ta kashe, ya ɗauko tulun giya ya je yana roƙonsa wai ya bar masa Jinmi. Haba jama'a! Ina kara? Abin da ya faru tsakaninsa da ita a lokacin makokin nan ma ba sai na faɗa ba, kun gani, kuma Runyu ya gani a mafarkin da barewarsa ta amayar. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Sadiq Auta: Wannan zuwan da tulun giya ni ma ban kare shi ba. Wauta ce ta wanda bai taɓa rasa komai ba. Yana ganin in ya ce yi haƙuri shi ke nan, don duk rayuwarsa haka ake yi masa.

Malam Habu: Salamu alaikum. Na karanta daga sama. Hajiya Maman 'Yan Biyu, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ban cire ko wasali ba. Malama Ummu, zancen kara ma kin yi daidai. Amma akwai abu guda da babu wanda ya ambata, kuma a wurina shi ne ya yanke shari'ar: ƙwayar nan.

Ku tuna yadda labarin ya fara. Zifen tana gargarar mutuwa, ta hango cewa 'yarta za ta gamu da jarrabawar soyayya a cikin shekara dubu 10, sai ta haɗiyar da jaririyar wata ƙwaya mai toshe zuciya, ta ce kada a bar ta ta fita daga ƙasar furanni. Shi ya sa Jinmi ta tashi tana zaton ita 'yar inabi ce, ba ta san bambancin so da abota ba, ta tsinci Xufeng a ƙone ta ɗauka hankaka ne. Da suka sauka duniyar mutane, ita tana mai magani shi yana sarki Yi, ƙwayar ta tsage, ta fara ji. To Runyu ya gano akwai ƙwayar, ya gano ta tsage, kuma ya san sarai wa ya tsaga ta. Me ya yi? Tana kwance ba ta cikin hayyacinta, ya liƙe ta.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. In ya liƙe ƙwayar, ba Xufeng kaɗai za ta daina so ba. Shi ma ba za ta taɓa son sa ba, har abada, kuma ya san haka. Ke nan ya zauna ya auna, Jinmi mai zuciya tana son wani, da Jinmi marar zuciya tana zaune a gidansa, ya zaɓi ta biyun. Ni wannan ba zan iya kiransa so ba.

Ummu Haidar: Malam, tsoro ne ya sa shi. Mutumin da aka ƙwace masa komai, abu ɗaya ya rage masa a duniya. Ka manta abin da ya roƙe ta? Bai ce ta so shi da yawa ba. Cewa ya yi ko kaɗan ne ya ishe shi, in dai zai daɗe. Wallahi da na ji maganar nan sai da na mai da wurin baya sau uku. Wane azzalumi ne yake roƙon so kaɗan?

Malam Habu: Maganar tana da daɗi, ban ƙi ba. Amma sake saurarenta da ƙwayar a ranki. Mace mai toshasshiyar zuciya ai abin da za ta iya bayarwa ke nan, kaɗan mai daɗewa: ladabi, gaisuwa, zama. Ya roƙi daidai abin da ƙwayar za ta bari ya wuce. Kuma tun kafin nan ma akwai alama. Ya riga kowa hasashen 'yar wace ce, bai faɗa mata ba, ya lallaɓa ta ta sa hannu a takardar alkawarin aure tana ganin wasa ne. Lokacin uwarsa tana raye fa, ba a kai ga Dongting ba. Ba za a ce duka baƙin ciki ne ya canza shi ba.

Maman 'Yan Biyu: Malam Habu, nan ka ɗan taɓa ni. Amma ɗan bora dole ya koyi lissafi. In bai yi dabara ba ko tuwon dare ba zai samu ba.

Malam Habu: Haka ne Hajiya. Matsalar ita ce ya saba da lissafi har ya kasa ajiye shi a ƙofar ɗakin wadda yake so.

Zulai: Ni kuma tun ɗazu ina kallon ku, kowa Runyu, Xufeng, Runyu, Xufeng, kamar kan gona ake rigima. Ita yarinyar wa ya taɓa tambayarta? Uwarta ta toshe mata zuciya ranar da aka haife ta, wai don ta kare ta. Manyan furanni sun kulle ta shekara 4000, sun ɓoye mata iyayenta. An yi mata miji tun ba a haife ta ba. Xufeng ya yi ta fushi da ita don ba ta gane yana son ta ba, alhali ba ta da abin ganewar. Runyu ya zo ya sake toshe abin da ya fara buɗewa. Kowa yana cewa don ita yake yi.

Kuma mutane suna zaginta wai doluwa ce, wai ta yaya za ta soki wanda ya bi ta har kabari a duniyar mutane. Ku dubi abin da aka shirya mata mana. Suihe, gimbiyar tsuntsaye mai son Xufeng, ce ta kashe mata uba da matarsa Linxiu, da irin wutar da kowa ya san Xufeng da uwarsa ne kawai suke da ita. Sannan mafarkan barewar nan kala biyu ne, shuɗi na abin da aka gani da ido, rawaya na abin da zuciya ta saƙa. Runyu ya ɗauki rawaya ya mai da shi shuɗi don ta gaskata Xufeng ne ya yi kisan. Ya san gaskiya, ya yi shiru, ya bar marainiya tana tafasa har ranar biki. Wuƙar da babanta ya ƙera mata da rabin ƙarfinsa don ta kare kanta, da ita ta yi aikin. Ta san inda za ta soka ne saboda gashinta da Xufeng ya adana a daidai wurin da ransa yake. Yana faɗuwa ya tambaye ta ko ta taɓa son sa, ta ce ba ta taɓa ba, sai ga ƙwayar ta fito da jini. A lokacin ne zuciyarta ta buɗe gaba ɗaya, abin farko da ta ji da ita shi ne ta kashe wanda take so da hannunta. Wa ya shirya mata wannan ranar, Anti Ummu?

Sadiq Auta: Zulai, ki turo lambar asusu in sa miki kuɗin data.

Ummu Haidar: To rabin ransa fa? Kun tsallake wannan da gangan. Da ta je neman abin da za a haɗa maganin tayar da Xufeng, ta ba da ganin launi, duniya ta koma mata baƙi da fari, ta ɗauko hasken nan mai zafi a jikinta alhali ita furen ƙanƙara ce, tana narkewa. Wa ya cece ta? Runyu ya yi tsafin da aka haramta, ya yanke rabin kwanakinsa ya ba ta. Kuma ya san don wa ta jefa kanta a halaka. Xufeng ya farfaɗo ya zama sarkin ƙasar aljanu, ya gaskata Suihe da ta ce ita ta tashe shi, ya dinga wulaƙanta Jinmi duk zuwan da za ta yi. Wanda ya ba da rabin rai da wanda ya yi kora, wa ya fi so?

Malam Habu: Ya bayar, kuma ban ce ƙarya yake ba. Da gaske ba ya son ta mutu. Amma a cikin maganin nan da ta sha wahalarsa, wa ya sa aka ƙara sinadarin da ya dinga cin Xufeng daga ciki bayan ya tashi? Shi ne dai. Da ta gano komai ta tunkare shi, me ya yi? Ya kulle ta a fadarsa. Zai iya ba ta rabin ransa, amma ba zai iya buɗe mata ƙofa ba.

Xufeng kuwa, ba waliyyi ba ne. Amma a ganinsa matar nan ta soke shi ta baya, ta ce ba ta taɓa son sa ba, ya farka ya tarar ubansa ya mutu wajen ceto shi, wansa yana kan karaga. Fushinsa a fili yake. Kuma gashin tsuntsun nan da ya ba ta tun farko, guda ɗaya tak yake da shi, kariyar ransa ce, ya ba ta tun ba ta san darajarsa ba, bai sa ta sa hannu a komai ba.

Anti Bilki: In ɗan shigo ba a matsayin mai tsawatarwa ba. Rigimar nan ba mu muka fara ta ba. Lokacin da ake haska shi a tashar Jiangsu, su kansu 'yan kallon Sin sun yi ta faɗa cewa an ƙara wa Runyu fitowa har ya nemi shafe jarumin. Littafin Dian Xian da aka ɗauko labarin daga ciki da bakin Jinmi aka rubuta shi, abin da ta gani kawai mai karatu yake gani. A fim ne aka buɗe yarintar Runyu haka. Da zarar an nuna maka yaro ana yanke masa ƙaho, ai an gama da kai, duk abin da ya yi daga baya sai ka nemo masa uzuri.

Malam Habu: Tafkunan ma na gaske ne, ga mai son sani. Dongting yana lardin Hunan, Tai kuma yana kusa da birnin Suzhou.

Sadiq Auta: Malam ba ya rabuwa da alli ko a zauren fim.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ya fi ba ni tsoro, da na sake kallo karo na biyu, shi ne yadda ya koma ubansa sak. Taiwei ya yi amfani da soyayyar Suli ya karya abokan gabarsa. Runyu ya yi amfani da Jinmi ya karya ƙaninsa. Mutumin da ya fi tsana a duniya, hanyarsa ya bi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na taɓa ganin haka a danginmu, wanda aka fi cuta yana yaro shi ya fi kowa tsanani da ya samu gidansa. Har yau ina tausayinsa, amma 'yata ba zan ba shi ba.

Ummu Haidar: Hajiya, har ke?

Maman 'Yan Biyu: Har ni, ƙanwata. Tausayi daban, aure daban.

Zulai: Kuma a daina cewa ba shi da kowa. Kuanglu fa? 'Yar babban gida, ta yi shigar maza ta zo ta zama hadimarsa, ta zauna da shi tun yana jera taurari shi kaɗai har ya hau mulki, ta san duk abin da ya aikata ba ta gudu ba. Irin son da ya roƙi Jinmi, mai daɗewa, yana tsaye a bayansa riƙe da tire bai waiga ba. Son maso wani ƙoshin wahala, shi ya sha ya kuma shayar da ita.

Ummu Haidar: Ita ai ba ya son ta, zuciya ba a yi mata dole.

Zulai: Anti, maimaita abin da kika rubuta a hankali.

Sadiq Auta: Innalillahi. An kama Anti Ummu da bakinta.

Ummu Haidar: Ku tafi can. To na ji, zancen ƙwayar da na mafarkin ba ni da amsarsu, na bar wa Malam da Zulai. Amma juyin mulkin ina nan a kan bakana, kuma tulun giyar nan ba zan yafe wa Xufeng ba ko zai mutu sau goma. Sannan yaƙin bakin kogin Wangchuan su biyu suka ja daga, su biyu suka saki ƙarfinsu, Jinmi ta shiga tsakani ta mutu, sai daga baya ta dawo. Kada a ɗora wa mutum ɗaya.

Malam Habu: Wannan na yarda. Amma wa ya kwaso runduna ya zo?

Anti Bilki: Malam, a bar ta ta huce. Ummu, in Luo Yunxi ne ya kama ki, ki nemi Till the End of the Moon na 2023, shi da Bai Lu, kashi 40. Can ma yaron da aka wulaƙanta ne ya girma, sunansa Tantai Jin. Ki gama ki dawo mu buɗe sabon faɗa.

Fati Ƙarama: Wayyo Allah na. Yanzu na kunna data na fara karatu daga ƙasa. Ina kashi na 19 fa. Jinmi ce za ta soki Xufeng? Mutuwa za ta yi?

Anti Bilki: Fati, saƙona na biyu daga sama, me na ce?

Fati Ƙarama: Ban kai can ba, Anti.